DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: LABARIN WASAN SUPER MARIO LAND

Da wuya a yau mutum ya shiga wani gida a birni bai tarar da yaro ya sunkuyar da kai bisa wayar salula ba, yatsunsa suna ta motsi, ana kiransa ba ya ji. Uwaye da yawa suna kuka da wannan hali, har wasu sun yanke hukunci cewa duk wasan da ake yi cikin na'ura ɓata lokaci ne da lalata tarbiyya. Wasu kuma sun sakar wa yara mara, suna cewa ai zamani ne ya zo da shi. A ganinmu, duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa. Wasannin na'ura iri-iri ne kamar yadda abinci yake iri-iri, kuma wanda bai taɓa ganin mai kyau ba, ba shi da ma'aunin da zai gane maras kyau da shi. Domin haka muka ga ya dace mu kawo muku labarin wani wasa da aka ƙera a ƙasar Japan a shekara ta 1989, sunansa Super Mario Land, wanda ake yi cikin wata ƴar na'urar hannu mai suna Game Boy. Wasan ya tsufa, amma har yanzu masana wannan sana'a suna komawa gare shi, kuma za mu ga dalili.

Daga karta zuwa na'ura

Kampanin Nintendo, wanda ya ƙera wasan da na'urar duka, ya girmi lantarkin gidajen mutane da yawa. An kafa shi a birnin Kyoto a shekara ta 1889, kuma sana'arsa ta fari ita ce buga karta ta gargajiyar Japan, mai zanen furanni. Daga shekara ta 1949 Hiroshi Yamauchi ya karɓi ragamar kampanin, ya yi ta neman wata sabuwar hanyar ciniki, har ya gwada harkar taksi da sayar da shinkafa mai saurin dafuwa, ba su yi albarka ba.

A shekara ta 1965 aka ɗauki wani saurayi mai suna Gunpei Yokoi aikin kula da injunan buga karta. Wata rana shugaban kampanin ya tarar da shi yana wasa da wani hannu mai miƙewa da ya haɗa da kansa don kashe lokaci. Maimakon a kore shi, sai aka umurce shi ya mai da abin haja. Aka sayar da fiye da miliyon 1, kuma daga nan Yokoi ya bar gyaran inji ya koma ƙirƙirar kayan wasa. A shekara ta 1980 ya fito da ƙananan na'urorin aljihu masu suna Game & Watch, kowace da wasa guda da agogo. Bisa ɗaya daga cikinsu ne, a 1982, ya sa wani madanni mai kama da alamar tarawa da muke rubutawa wajen lissafi: a danna sama, ƙasa, hagu ko dama da babban yatsa guda. Wannan madanni har yau ana samunsa bisa yawancin na'urorin wasa na duniya.

Yokoi yana da wata aƙida game da aikinsa. A wurinsa, kayan fasaha da suka riga suka tsufa, aka san halinsu, farashinsu ya faɗi, sun fi sababbi amfani, muddin mutum ya nemo musu wani aikin da ba a taɓa sa su ba. Hausawa sun riga shi faɗi: da tsohuwar zuma ake magani.

Na'urar da aka raina

Game Boy ta fito a Japan ranar 21 ga watan Afrilu na 1989, ta isa Amurka cikin wannan shekara, ta shiga Turai a 1990. Girmanta bai wuce ƙaramin littafi mai kauri ba. Allon da hoto ke fitowa bisansa bai kai santimita 5 ba a kowane gefe, kuma ba shi da launi sai inuwa huɗu, daga kore mai haske zuwa mai duhu. Hoton ɗigo-ɗigo ne, 160 a kwance, 144 a tsaye, kamar yadda mai ɗinkin hula ke fid da zane da sukar allura ɗaya bayan ɗaya. Ba fitila a bayan allon, watau in dare ya yi sai an nemi haske. Wasannin kuma cikin ƴan kaset suke zuwa, a zura ɗaya ta baya, in an gaji a cire a sa wani.

Cikin wannan lokaci wasu kampanoni biyu suka fito da nasu na'urorin masu launi da fitila: Atari ya kawo Lynx a 1989, Sega ya kawo Game Gear a 1990. Duk wanda ya ajiye su kusa da Game Boy zai ce ta sha kaye tun ba a fara kokawa ba. Amma kowace daga cikin biyun pil shida take ci, kuma cikin awa 3 zuwa 5 ta shanye su. Game Boy pil huɗu take ɗauka, su kai ta awa 15 ko fiye da haka. A Amurka an sayar da ita dalar Amurka 90 ba kaɗan, alhali Game Gear ta kai wajen 150, Lynx kuwa wajen 180. Uban da zai sayi pil kowane mako ya san inda lissafi ya dosa.

Yadda wasan yake

Mario ɗan taliki ne mai gashin baki da hula, wanda Shigeru Miyamoto ya zana a 1981, ya kuma shahara a 1985 da wasan Super Mario Bros. da ake haɗawa da talabijin. Super Mario Land kuwa an yi shi ne ba da hannun Miyamoto ba. Ƙungiyar Yokoi ce ta yi shi, Satoru Okada ya jagoranci aikin, kuma ya fito rana ɗaya da na'urar.

Irin wannan wasa ana kallonsa ne daga gefe. Mario yana tafiya daga hagu zuwa dama, ƙasar da yake bi tana shigowa ta dama tana ɓacewa ta hagu, kamar yadda itatuwa da garuruwa ke wucewa ga wanda ke leƙe ta tagar mota. Da haka allon da bai kai tafin hannu ba yake ɗaukar doguwar hanya. Abin da ya wuce ya wuce, ba a komawa baya. Aikin mai wasa shi ne ya kai Mario ƙarshen zango kafin agogo ya cika, yana tsallake ramuka, yana hawa dandamali, wasu a tsaye, wasu suna yawo, wasu kuma suna zubewa da zarar an taka su. Madanni ɗaya na tsalle ne, ɗaya na gudu da jifa. Abokan gaba kuwa, yawancinsu dirar musu ake yi a ka.

A hanya akwai tubala da ake buga wa kai daga ƙasa. Daga wasu sulalla ke fitowa, kuma duk wanda ya tara 100 ya sami ƙarin rai guda, watau damar sake gwadawa in ya faɗi. Daga wasu laimar kwaɗi ke fitowa, wadda ke ƙara wa Mario girma, ta yadda in aka taɓa shi sau ɗaya sai dai ya koma ƙarami, bai mutu ba. Akwai fure mai ba shi ƙwallon jifa, wanda ke dukan ƙasa ya tashi a karkace, ya bugi bango ya dawo, har ya kwaso sulallan da hannu ba ya kaiwa. Akwai kuma tauraro mai sa ya gagari kowa na ɗan lokaci.

Zango goma sha biyu

Labarin gajere ne kamar tatsuniya. Wani baƙo daga sararin samaniya mai suna Tatanga ya mamaye ƙasar Sarasaland, ya sace gimbiya Daisy, Mario ya tafi ceto. Ƙasar masarautu huɗu ce, kowace da zango uku. Ta fari, Birabuto, an ɗauko kamanninta daga tsohuwar Masar, da manyan kaburburan Fir'aunoni masu tsini da zaki mai fesa wuta. Ta biyu, Muda, ƙasar ruwa ce. Ta uku, Easton, cike take da manyan kawunan dutse irin na tsibirin Rapa Nui da ke tekun Pasifik. Ta huɗu, Chai, an kwaikwayi tsohuwar ƙasar Sin ne, da gorarta da kiɗanta. A ƙarshen kowace daga masarautu uku na fari, Mario yakan tarar da wata kamar gimbiya, sai ta rikiɗe ta zama dodo ta tsere, tafiya ta ci gaba.

Sau biyu wasan yana sake hali gaba ɗaya. A zango na ƙarshe na masarauta ta biyu Mario yana shiga jirgi mai nutso cikin ruwa, a na ƙarshen ta huɗu kuma jirgin sama. A nan ba tsalle, hanya ce ke tafiya da kanta, mai wasa yana kaucewa yana harbi.

Abin da ya sa ake yabonsa

Abu na fari shi ne yadda wasan yake koyarwa ba tare da dogon bayani ba. Kusan babu rubutu a cikinsa, yaron Japan da na Faransa da na kowace ƙasa duk daidai suke a gabansa. Farkon zango na ɗaya fili ne shimfiɗaɗɗe, abokin gaba guda yana tahowa a hankali. In mai wasa ya tsaya kallo, an taɓa shi ya faɗi, ya gane. In ya yi tsalle ya dira a kansa, ya gane. Sai a kawo rami ƙarami, sai babba, sai rami da abokin gaba tare. Ba a ɗora masa darasi na biyu sai na farko ya zauna. Ga misali guda: akwai wani kunkuru wanda in aka taka shi, ƙoƙon bayansa yakan fashe kamar nakiya bayan ɗan lokaci kaɗan. Sau ɗaya yake cin mutum. Daga nan hannu da kansa ya san cewa in an taka sai a matsa. Kowane malamin lekol ya san wannan tsari, ko da yake ba kowa ke iya bin sa ba.

Abu na biyu shi ne adalci. Abokan gaba a wurarensu suke kullum, tafiyarsu ɗaya ce yau da gobe. In Mario ya faɗa rami, mai wasa ya san shi ne ya yi gaggawa ko ya yi nawa, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Kuma ba wata hanyar wucewa sai a sake, a lura, a gyara. Ba a sayen nasara da kuɗi, domin wanda ya sayi kaset ya gama biya. Ɗan mai hali da ɗan talaka, in sun riƙe na'ura guda, wanda ya fi haƙuri da lura shi ke gaba, kamar dai a wasan dara, inda dukiyar mutum ba ta matsar masa da ko ɗan icce guda.

Abu na uku, wasan yana sa mutum ya auna riba da hasara. A ƙarshen zangon da ba dodo a cikinsa ƙofa biyu ce, ɗaya a ƙasa, ɗaya can sama. Ta ƙasa kowa na iya shiga. Ta sama sai an hau ƴan dandamali masu zubewa, amma wanda ya kai yana samun damar cin ƙarin rai ko fure. Haka kuma akwai bututu masu kai mutum ɗakunan sulalla a ɓoye, alhali agogo yana tafiya. Kowane lokaci mai wasa yana tambayar kansa: in tsaya in kwasa, ko in wuce da abin da na samu?

Abu na huɗu shi ne hikimar yin aiki da ɗan abin da ke hannu. Wasan duka, da hotunansa da kiɗansa, kilobayit 64 ne, watau bai kai nauyin hoto guda da wayar salula ke ɗauka a yau ba. Tun da allon ba shi da launi, ba a iya bambanta koriyar laimar kwaɗi mai ba da rai da ja mai ƙara girma, kamar yadda ake yi a wasan talabijin. Sai masu aikin suka mai da alamar rai ta zama zanen zuciya, magana ta ƙare. Tun da allon ƙarami ne, sai suka ƙanƙanta Mario domin a riƙa hangen abin da ke tafe. Kiɗan kuma, wanda Hirokazu Tanaka ya tsara, da muryoyi huɗu kacal na'urar ke fid da shi, amma kowace masarauta da nata amo, kuma wanda ya yi wasan yana yaro yakan gane shi ko bayan shekara talatin. Kiɗan da ke tashi in Mario ya ɗauki tauraro ma aro ne daga wani sanannen kiɗan rawa na Jacques Offenbach, wanda aka fara ji a birnin Paris a 1858.

Abu na biyar, wanda muke ganin ya fi sauran muhimmanci ga uwaye, shi ne wasan yana da ƙarshe. Wanda ya ƙware yana gama zango 12 ɗin cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. An ceci gimbiya, an rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin, shi ke nan. Mai son ƙari yana iya sakewa, a ƙara masa abokan gaba. Amma wasan ba ya kiran mutum da tsakar dare, ba ya yi masa barazanar cewa in bai dawo gobe ba zai yi hasarar abin da ya tara. An yi shi ne domin mai jiran jirgi ko mai hutun rabin awa, ya yi, ya kashe, ya koma ga aikinsa.

Inda ya gaza

Ba a rasa aibi ga aikin ɗan Adam. Tun fitowarsa masu sharhi suka ce ya cika gajarta, domin wasan talabijin na 1985 zango 32 gare shi. Allon Game Boy ta fari yana da nawa, in Mario ya sheƙa da gudu sai hoto ya yi dishi-dishi, ga shi kuma abubuwan ƙanana, ido yana wahala. Waɗanda suka saba da wasannin Miyamoto sun ce tsallen wannan Mario bai kai na wancan daɗin sarrafawa ba. Ba a kuma iya ajiye inda aka tsaya: in pil ya mutu a zango na goma sha ɗaya, sai a koma na fari. Har wa yau, kada wani ya ɗauka yaro zai koyi tarihin Masar ko na Sin a ciki. Ado ne kawai aka ara, irin yadda baƙo ke hangen ƙasar da bai taɓa zuwa ba. Wasu daga cikin waɗannan kurakurai an gyara su a wasa na biyu da ya fito a 1992, wanda ya fi girma, yana kuma tuna inda aka tsaya.

Hukuncin kasuwa

Da farko an yi niyyar a haɗa Super Mario Land da kowace Game Boy da za a sayar a Amurka. Wani ɗan kasuwa mai suna Henk Rogers ya shawo kan shugabannin kampanin cewa su sa Tetris a maimakonsa, watau wasan jera tubala da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a birnin Mosko, domin shi yara da manya duka za su so shi. Aka bi shawararsa. Duk da haka Super Mario Land ya sayu fiye da kaset miliyon 18. Game Boy kuwa, in an haɗa da ƙanwarta mai launi da ta fito a 1998, an sayar da fiye da miliyon 118 kafin a daina ƙera ta a 2003, alhali Game Gear ba ta wuce miliyon 11 ba. Wata Game Boy ma ta ƙone a wani barikin soja lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991, jikinta ya narke ya yi baƙi, amma ta ci gaba da aiki, har aka yi shekaru ana nuna ta a kantin kampanin da ke birnin New York. Yokoi ya bar Nintendo a 1996, ya rasu cikin haɗarin mota a 1997. Wasan kuma an sake fito da shi domin sababbin na'urori a 2011 da 2024.

A nan akwai abin lura ga ma'aikatan da ake ɗora wa nauyin sayen kayan aiki. Na'ura mai ƙyalƙyali ita ke burge mutum a ranar da aka buɗe kwali. Bayan wata shida kuwa, tambayar da ta rage ita ce me take ci, nawa ne gyaranta, kuma za ta jure ƙura da faɗuwa ko ba za ta jure ba. Ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Abin da ya rage ga uwaye

Ba muna cewa kowa ya tafi neman tsohuwar na'ura ba ne. Wasannin da ke cikin wayoyin yaranmu dubbai ne, akwai nagari a cikinsu, akwai kuma waɗanda aka shirya musamman domin kada a iya ajiye su. Da yawa kyauta ake shiga, sai an yi nisa a fara neman kuɗi kaɗan-kaɗan, wani lokaci ma a sayar wa yaro akwatin da bai san abin da ke ciki ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi caca ce. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin na'ura cikin jerin cututtukan da ta amince da su, watau halin da wasa ke rinjayar mutum har ya bar karatu da aiki da iyali na tsawon lokaci. Hukumar ta bayyana cewa kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa ga haka, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka, maimakon a fizge waya ko a kau da kai, uba ko uwa su zauna kusa da yaro minti goma su kalli abin da yake yi, su auna shi da ma'aunin da wannan tsohon wasa ya ba mu. Shin wasan yana da ƙarshe, ko kuwa rijiya ce gaba dubu? In yaro ya faɗi, ƙwarewa ake nema gare shi ko kuɗi? Yana iya kashe shi in an kira shi cin abinci ba tare da ya yi hasarar komi ba? Wasan da ya tsallake waɗannan tambayoyi, a bar yaro ya yi shi bayan ya gama aikin lekol da na gida, a kuma yanka masa lokaci. Wanda ya kasa, a goge shi, a gaya wa yaron dalili. In kuma uban ya karɓi wayar ya gwada da kansa, ya faɗa rami sau uku a gaban ɗansa, to, ba laifi, ranar nan yaro ne malami, kuma maganar da za a yi bayan haka za ta fi shiga kunne.